Damon Malam Jaji

Ni Baballe, shekara ashirin da biyu ina dakon kayan gwari daga bakin kanal ɗin noman rani zuwa Kano, kuma ban taɓa sauke wa mutum ruɓaɓɓen kaya ba. Tumatir, attaruhu, latas, kabeji, duk sun san bayan motata. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka sakarai aka ba wa damon nan ya kai asibiti. Mutum aka ba wa wanda ya san aikinsa, har yana cika baki da shi a majalisa.

Damon na mijin yayata ne, Malam Jaji, mai kula da ƙofar ruwa a ƙaramin kanal ɗin da ya ratsa bayan ƙauyenmu, can gaba da Bunkure. Wata shekara ana ƙone tushiyar shinkafa ya tsinto shi, ɗan mitsitsi, wuta ta cinye masa ƙarshen wutsiya. Da wani ne, ko ya jefar ko ya jira ya girma a yi farfesu. Jaji sai ya sako shi a aljihu ya kawo gida, ya raɗa masa suna Datti, wai tafiyarsa irin ta dattawa ce. Shekara goma sha ɗaya Datti ya yi a gidan, har ya kai tsawon hannuna. Raminsa yana gindin rumbu. Katantanwa ake kwaso masa daga kanal, da fara idan lokacinta ya yi, ranar Juma'a kuma a fasa masa ƙwai ɗaya.

Ni da Jaji ba mu rabu lafiya ba, gara in faɗa. Wani rani tumatirina ya fara yaushi, na je na roƙe shi ya buɗe mini ruwa kwana ɗaya kafin layina ya zo. Ya ce, "Layi layi ne, Baballe, ko da kai ka haife ni." Na gaggaya masa maganganun da ba a gaya wa mijin yaya, a gaban mutane. Shekara uku daga sallama ba abin da ke haɗa mu. Sai hawan jini ya kayar da shi a bakin ƙofar ruwan, aka kawo shi gida ranga-ranga. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki lokacin da ya ce wa Yaya Sa'a, da bakin da ya karkace, "Ga Datti nan. Amana." Ni bai ce mini komai ba. Ya dai dube ni, ya daɗe yana dubana, kuma har yau ban san ko yafewa yake yi ba ko tuna mini.

'Yarsu ɗaya ce, Aziza, tana aure a Zariya. Don haka gidan ya koma daga Yaya sai Datti. Kullum da la'asar damon zai fito ya kwanta a bakin zaure, ya fuskanci hanyar da babur ɗin Jaji yake ɓullowa, ita kuma ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin wuni: wance ta haihu, taki ya yi tsada, an ce za a rufe ruwa sati biyu. Matan unguwa sun yi ta ƙus-ƙus, wasu suka ce ta fara zaucewa. Ni na san yayata, hankalinta ya fi na duk wanda ya faɗi haka. Amma ba zan ɓoye ba, ba na son shiga zauren nan idan yana kwance. Zai ɗago kai a hankali, ya zuba mini ido ba ƙiftawa, sai in yi sallama da ƙarfi kamar akwai babban mutum a wurin.

A bazarar shekara ta biyu da rasuwar Jaji, Datti ya daina cin abinci. Kwana tara. Gefen muƙamuƙinsa ya kumbura, wani yawu mai kauri yana taruwa a bakinsa. Yaya ta fasa ƙwai har uku, ƙuda ya cinye. Ita ma ta daina ci, idanunta suka faɗa. Ta aika aka kira ni.

"Baballe, idan abin nan ya mutu a hannuna ban yi masa komai ba, da wane ido zan dubi mai shi gobe kiyama?"

"Haba Yaya, dabba ce fa."

"Na sani. Amana ba ta da dabba."

Na ɗauko Ɗanbaba, malamin dabbobin da ke yi wa shanun Fulanin yankinmu allura. Ya tsuguna daga nesa, ya leƙa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce shi dai an koya masa sa da tunkiya da kaza, ba a koya masa abin miya ba. Da ya ga fuskar Yaya sai dariyar ta tsaya. Ya ba ni lambar wata likita a Kano, Dakta Nafisat, ya ce ita har kunkuru da aku ake kai mata.

Na kira ta da yamma, ina tsaye a kan gadar kanal, don nan ne kaɗai sabis ke ɗan tsayawa. Ta saurare ni tsaf, ta yi tambayoyi, ta ce mu kawo shi gobe da safe.

"Ka samu rigar filo ka saka shi a ciki ka ɗaure bakin, duhu yana kwantar musu da hankali. Sannan ka saka a abin da iska ke shiga. Abin da ya fi komai muhimmanci kuma…"

"Likita," na katse ta, "wannan ɓangaren ki bar mini. Ɗaukar kaya sana'ata ce. Latas nake kai wa Kano a tsakiyar bazara ya isa kamar yanzu aka tsinko shi. Ke dai ki tanadi allurarki."

Ta fara cewa wani abu, sabis ya ɗauke. Bayan magariba na ga ta kira har sau biyu. Na dubi wayar, na ce a raina mata da dogon bayani, gobe ma ai za mu haɗu. Na mayar da ita aljihu.

To, mu mutanen fadama abu ɗaya muka sani game da kaya mai rai: zafi ne abokin gabarsa. Tun muna yara aka koya mana. A tsinka da sanyin safiya, a jiƙa buhun algarara a shimfiɗa, a lulluɓe da ɗanyen ganye, a yayyafa ruwa, a bar gari kafin rana ta buɗe ido. Ga shi kuma wannan kayan marar lafiya ne. Yaya ta ce tun da ciwon ya fara, wuni yake yi a tsakiyar rana, ko ta ja shi inuwa sai ya rarrafo ya koma, idan ka taɓa bayansa kamar murfin tukunya. Na ce ai magana ta fito, zazzaɓi ne ya yi masa yawa har ya rasa inda zai sa kansa. Wa bai san abin da ake yi wa mai zazzaɓi ba?

Na yi abin da ban taɓa yi wa kayan kowa ba. Tsohuwar motata ba ta da esi, sai na je wurin Alhaji Badamasi mai injin casar shinkafa na aro tasa, wadda sanyinta ke sa haƙori ciwo. Na biya wurin wata mata mai zoɓo a Bunkure, mai firjin sola, na karɓo ƙanƙara manya guda huɗu a kula. Ina yi ina jin daɗin kaina. A ƙasan zuciyata kuwa ina ganin kamar da Jaji nake magana: ka hana ni ruwan kwana ɗaya, ga ni ina yi wa damonka hidimar da ba a yi wa amarya.

Da gari ya waye na samo kwandon kaba na shirya shi da hannuna. Ƙanƙara a ƙasa, jiƙaƙƙen buhu a kai, ninki biyu. Yaya ta fito da rigar filon Jaji, wata shuɗiya da ta koɗe, wadda ba ta bari an wanke ba tun ranar. Ta ɗauki Datti kamar jariri, ya yi mata huci kaɗan, ta ce, "Yi haƙuri, asibiti za mu." Muka saka shi, na ɗaure bakin, na kwantar a kan buhun, na rufe da ɗanyen latas, na yayyafa ruwan ƙanƙara. Ko ɗan kasuwar gwari ta 'Yankaba ya ga shirin nan sai ya yaba.

Yaya ta zauna a baya, kwandon yana gefenta, tafin hannunta a kansa. Na rufe gilasai ruf, na murɗa esi har ƙarshe. Muka bi gefen kanal, ruwa ya cika shi taf, manoma sun riga sun shiga gonaki, injinan ban ruwa suna ta tatata. Daga cikin kwando kuwa ana jin ƙarar farce a jikin kaba, ƙarat, ƙarat, ƙarat, da huci jefi-jefi.

Ba mu kai titi ba Yaya ta ƙudundune cikin mayafi.

"Baballe, sanyin nan bai yi yawa ba kuwa?"

"Ai ba don ke aka kunna ba, Yaya. Ki daure."

Ta ƙara jan mayafin. Yayata ce, ta goya ni, amma a cikin mota ni ne babba, ita ma ta yarda da haka.

Kafin mu kai garin Karfi muka tarar da wata babbar mota mai ɗauke da shinkafa shanshera ta kwanta a tsakiyar hanya, buhuna sun watse. Muka tsaya kusan minti arba'in. Ban kashe inji ba, don kada sanyin ya gudu. A nan ne na fara jin wani iri. Da rigar filon ta jiƙe sai ta saki ƙamshin mai ita, laka da man zafi da ɗan turaren da yake shafawa ranar Juma'a. Motar ta cika da Jaji. Sau biyu ina ɗaga ido in dubi madubi, don na rantse ji nake mu uku ne a ciki, kuma na ukun a bayan wuyana yake kallo. Yaya kaɗai nake gani, idonta a rufe, leɓɓanta suna motsi.

Ƙarar farcen ta ragu. Da can ba ta tsayawa, sai ta koma sau ɗaya a minti, sai a daɗe kafin a ji wani ɗan ƙarat marar ƙarfi. Daga nan shiru.

"Kin ji ko?" na ce. "Zazzaɓin ya sauka. Ya samu barci."

"Allah ya sa," in ji ta.

Aka buɗe hanya, muka hau babban titi, na taka mota. Ana hango gadar Tamburawa ta ce, "Tsaya." Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma na taka birki kamar an mare ni.

Na zagayo na buɗe ƙofar baya. Ta riga ta ture latas ɗin, ta kwance bakin rigar. Datti yana miƙe, idonsa a rufe, launinsa ya dusashe. Na taɓa shi, sanyi ƙalau kamar randa. Na ɗaga ƙafarsa, na saki, ta tsaya inda na bar ta kafin ta sauka a hankali. Na ja wutsiya, ba motsi. Na dubi cikinsa ko zai ɗaga, na ƙirga har talatin, ban ga komai ba. Har kunne na kara a ƙirjinsa, ni da ba na iya haɗa ido da shi, tireloli suna wucewa suna girgiza ƙasa. Ban ji komai ba.

"Yaya, sai haƙuri."

Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, ta shafa kansa da yatsa biyu. Can ta ce, "Ko mu ƙarasa, tunda mun kusa? Likitar ta duba."

Wannan maganar ita ce ba ta barina in sake. Minti ashirin ya rage mu isa. Amma sai na hango kaina ina shiga da kwando wurin matar da na katse wa magana jiya, ina buɗe mata gawa, ni mai latas ɗin da ba ya yaushi. Kunya ta rufe ni, kuma kunyata ba ta daɗewa take zama faɗa.

"Ta duba me? Ni ban san mutuwa ba ne in na gan ta? Su farke shi su jefa a bola, shi kike so? Ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa tun a gida, Yaya. Mu koma mu rufa masa asiri."

Ta dube ni, ta dubi kwandon. "To," ta ce. "Juya."

Na mayar da shi kan ƙanƙara, na ƙara rufewa, na bar esi yadda take. Bazara ce, na ce kada ya fara wari kafin mu isa.

Ita ta zaɓi wurin, a kan gaɓar kanal, 'yan taku kaɗan daga ƙofar ruwan da Jaji ya yi shekara da shekaru yana murɗawa. Ta ce ta san ba mutum ba ne, ba salla ba wanka, amma ba za ta bar shi ga ungulu ba, kuma ba za ta bari rana ta yi tsaka yana waje ba. Mu dama haka muke, ba ma ajiye mamaci ya jira. Na ari shebur wurin wasu manoma biyu da ke ban ruwan albasa. Ɗayan, Dalhatu, ya leƙa kwandon ya ce, "Kai Baballe, wannan uban nama za ka ba wa ƙasa? Ba ni mana." Saura ƙiris in sauke masa shebur ɗin a ka. Ya ga idona, ya ce wasa yake yi.

Na haƙa rami, zurfin ya kai gwiwata. Yaya ta sake ɗaure bakin rigar filon da kanta, ƙulli biyu, ta miƙo mini, na kwantar da shi. Na mayar da ƙasa, na hau na tattake da ƙafa har ta yi tauri, don ni ba na aikin rabi da rabi. Sai na tuna karnukan rugar da ke tsallake. Akwai wani fallen kankare da ya ɓalle daga jikin kanal, faɗinsa ya kai tabarmar salla. Ni da Dalhatu muka kinkimo shi da ƙyar muka kifa a kai. Lokacin ƙarfe goma ta ɗan gota, rana ta fara cizo.

Na sauke Yaya a gida. Na wanke motar Alhaji na mayar masa, na zubar da sauran ƙanƙarar a gindin mangwaro. Na ci abinci, ban ji ɗanɗanonsa ba, amma na ci. Bayan azahar ina kishingiɗe a rumfar mai shayi kusa da gada, waya ta yi ƙara. Dakta Nafisat.

"Malam Baballe, tun safe nake zuba ido. Lafiya?"

"Wallahi likita, Allah bai yi ba. Ya mutu a hanya."

"Ayya. Sannu. A ina? Yaya kuka ɗauko shi?"

Na gyara zama, don ko a lokacin ina so ta san ba daga wurina matsalar take ba. Na zayyana mata komai, buhun, latas ɗin, motar da na aro musamman, ƙanƙara huɗu.

"Ƙanƙara?" ta ce.

"Manya ma kuwa. Zazzaɓi ne da shi, wuni yake a rana."

Na cire wayar daga kunne na duba ko sabis ne ya ɗauke. Da ta dawo muryarta ta sauya, tana magana a hankali kamar mai lallashin yaro ya sauko daga kan katanga.

"Ka saurare ni, kada ka katse ni. Damo ba shi da ɗumin jiki na kansa irin namu. Daga rana yake aronsa. Kwanciyar da yake yi a rana, da ita yake yaƙar ciwon. Abin da nake so in gaya maka jiya ke nan, ka sa ruwan ɗumi a gora ka naɗe da tawul ka ajiye a gefensa, kada ka kunna esi. Idan sanyi ya kama su sandarewa suke yi. Numfashi sai a daɗe kafin a ja ɗaya, zuciya ta koma can ƙasa. Ni kaina ba na cewa irinsu sun mutu sai na ɗumama su na sa na'ura. Yana ina yanzu? Ka fito da shi daga kwandon, ka sa shi wuri mai ɗumi, ba cikin rana tsaka ba."

Mai shayi yana ta fifita wuta, rediyonsa yana sanar da farashin taki.

"Mun binne shi."

"Yaushe?"

"Wajen ƙarfe goma."

"Zurfi?"

"Gwiwa. Na… na ɗora kankare."

"Malam Baballe, tashi ka tafi yanzu."

Ban san babur ɗin wa na hau ba, daga baya aka gaya mini na mai shayin ne. Na bi gaɓar kanal ina faɗawa ramuka, ina addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba: Allah ya sa ya mutu tun a mota, Allah ya sa ni na yi gaskiya. Can kuma in ce a'a, Allah ya sa yana nan a sandare, sanyin ƙanƙarar bai sake shi ba. Amma na san ƙasar bazara. Ƙwai za ka binne a gaɓar nan da hantsi ka tono shi dafaffe.

Babu kowa a wurin, masu albasa sun tafi gida cin abinci. Ruwa kaɗai ke zuba ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfen. Kankaren ya sha rana ya zama kasko. Na kama gefensa, tafin hannuna ya ƙone, ban saki ba. Abin da mu biyu muka ɗauka da ƙyar, ni kaɗai na tayar da shi na wuntsila gefe. Na juyo zan fara tono da hannu, sai na ga babu abin tonowa.

Yana nan a sama. Ba a ƙasan ramin da na ajiye shi ba, a sama, daf da inda kankaren ya zauna. Ya yage rigar filon, ya huda duk ƙasar da na tattake, ya taso har ya iske murfin. Hancinsa ya goge, bakinsa cike da ƙasa. Faratan hannunsa sun cinye, ɗaya ya karye yana reto. Na dubi cikin kankaren da na kifar, ga zane-zane farare birjik, wuri ɗaya, inda ya yi ta karta. Tazarar da ke tsakaninsa da gefen kankaren ba ta fi taƙi ɗaya ba. Da ya karkata hagu kaɗan da ya fita.

Na ɗauke shi. Jikinsa da ɗumi, laushi, ya lanƙwashe a hannuna. Na kai shi inuwar darbejiya, na share masa baki da yatsa, na ɗiga masa ruwa. Na kira likita. Ta ce in taɓa gefen idonsa, in matse yatsan ƙafarsa, in sa ido a maƙogwaronsa in daɗe. Na yi duka. Ta ce in jira, kada in yi gaggawa. Wannan karon na jira. Na zauna a ƙasa na tasa shi a gaba fiye da awa ɗaya, ina kiran sunansa kamar yadda Yaya ke yi, ina ba shi haƙuri, ban san ko shi nake ba wa ba ko mai shi. Idonsa a buɗe yake rabi, amma babu kowa a ciki. Sai da tururuwa suka fara hawa bakinsa bai motsa ba, sannan na sake kiran likita.

"Ka yi haƙuri," ta ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na tattara yagaggiyar rigar na naɗe shi, na sake haƙa ramin da hannu da wani guntun ƙarfe, na mayar da shi. Na jawo kankaren na kifa yadda yake, zanen yana ƙasa. Na yi kuka a wurin, ni Baballe, da gemuna.

La'asar ta wuce lokacin da na isa gidan Yaya. Na so in zarce gida, ƙafata ta ƙi. Tana zaune a bakin zaure kan kujerarta, ita kaɗai, da kwanon tuwo a gabanta, ta ci fiye da rabi. Rabon da in ga ta ci abinci haka tun kafin ciwon. Fuskarta ta kumbura da kuka, amma ta sake, kamar wadda ta sauke tulu daga ka.

"Baballe, zo zauna. Tun ɗazu nake sa maka albarka. Ka ari mota, ka bar aikinka, ka yi abin da ko ɗan cikina sai haka. Na yi iya yina, kai ma ka yi. Ya rasu cikin sauƙi, cikin sanyi, hannuna yana kansa, ko shure-shure bai yi ba. In na haɗu da Malam ina da abin faɗa masa."

Na zauna a dakali. Sai ta ga hannuwana, duk laka, tafin ya tashi ya yi ruwa.

"Subhanallahi, me ya same ka?"

"Taya na canza. Ƙarfen ya yi zafi."

Ta miƙe ta ɗauko buta, ta tsuguna a gabana, ta ce in miƙo. Ta fara zuba ruwan a hankali, tana cire lakar da yatsanta daga tsakanin 'yan yatsuna, yadda take yi mini ina yaro.

"Ka gaya wa likitar?"

"Na gaya mata."

"Me ta ce?" Ta tsayar da butar, ta ɗago ta dube ni. "Gaya mini gaskiya, Baballe. Da mun ƙarasa, da an yi wani abu?"

Ruwa yana ɗiga daga hannuna zuwa ƙasa. Na buɗe baki, na ga kwanon tuwon, na ga idonta.

"A'a, Yaya. Ta ce babu abin da za a iya yi."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta ci gaba da zuba ruwan, ni kuma na ci gaba da miƙa mata hannu.